Ƙotar da Baba ya yanke: in haɗa ta ko in bar ta haka?

Baban Nana ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta tattaunawarku ban taɓa sa baki ba, yau buƙata ce ta sa na yi magana.

Mahaifinmu ya rasu wata 7 da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Cikin abin da ya bari akwai 'yar bindigar da na koyi harbi da ita ina ɗan shekara 9. Winchester ce samfurin 67, mai cin harsashi ɗaya, ƙaramin nan da ake kira .22. Ga wanda bai san ta ba: za ka ɗaga sakata ka ja baya, ka sa harsashi ɗaya da yatsa, ka tura ka rufe. Rufewar kaɗai ba ta ɗana ta. Sai ka kama wani ɗan ƙulli da ke bayan sakatar ka ja shi da hannu har ka ji ya ce ƙas, sannan kunama za ta yi aiki. Baba kan ce saboda wannan ya zaɓe ta, yaro ba zai harba ba sai ya yi niyya sau biyu. Na tuna da hannu biyu nake jan ƙullin nan, don sifirin ɗin ya fi ƙarfin yatsuna.

Kafin a tambaya, takardun izininta sun dawo sunana bisa ƙa'ida, tana kulle, kuma harsashi yana wani wuri dabam.

Ga halin da na same ta. Ta yi sama da shekara 20 a cikin jakar yadi a bayan kabad, jakar kuma ta riƙe danshi. Gefen hagu na bututun, inda ta kwanta, jar tsatsa ta bi shi kusan daga baki har tsakiya. Kusa da sakata akwai tsatsa mai siffar babban yatsa, har zanen fata ana gani. Na san na Baba ne, shi ya taɓa ta ƙarshe. In na cire sakata na leƙa cikin bututun a hasken taga, duhu nake gani, amma murɗaɗɗen zanen ciki yana nan bai shafe ba. Ƙotar ta tsage a wuya, daidai inda hannun dama ke kamawa, tsagar kamar tsawon yatsa. Katakon da ke kusa da ƙarfe ya yi baƙi ƙirin don shan mai. Kan babban sukurun da ke haɗa ƙarfe da katako ya tauye, an sha kwance shi da abin da bai dace ba.

Akwai kuma wata tsohuwar matsala. A shekarunmu na ƙarshe da ita, in an harba dogon harsashi, wato Long Rifle, kwanson kan maƙale, sai Baba ya sa tsinin wuƙa ya zaro shi. Gajere, wato Short, ba ya maƙalewa, kuma shi muka fi harbawa don ba shi da ƙara sosai. Ban da haka, Baba kan bar ni in yi ta gwada saiti a ɗaki ina jan kunama babu harsashi a ciki. Na yi haka ba adadi. Ban sani ba ko yana da nasaba da maƙalewar.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙotar. Baba ya yanke inci 2 daga gindinta da zarto don ta dace da hannun yaro, ya goge murfin gindin ya rage shi ya mayar. Na tuna ranar, na tuna ƙamshin garin katakon. Da muke kwashe akwatin kayan aikinsa, a can ƙasa ƙarƙashin magagarai, sai ga guntun da ya yanke a naɗe cikin tsumma, har da layin fensir ɗinsa a jiki. Shekara 30 da ɗoriya yana ajiye da shi bai taɓa faɗa mini ba. Da na ɗauka sai da na zauna.

Tun ranar zuciyata ta rabu biyu. Wani sa'in in ce ai bai ajiye shi ba sai don wata rana a mayar, to bari in cika masa niyyarsa. Wani sa'in in ce wannan yankan shi ne abu mafi girma da hannunsa ya bari a jikin bindigar, in na rufe shi na shafe shi.

'Yata Nana tana da shekara 11, ƙanenta Sadiƙ 8. Ina so mu riƙa yin aikin nan tare duk Asabar, ko zai ɗauke mu shekara, don su san kakansu ta wannan hanyar. Ban taɓa gyaran bindiga ba, amma ina da haƙurin aikin hannu. Don Allah ku gaya mini wane aiki ne namu, wanne ne na gwani. Yaya zan yi da tsatsar ba tare da na kankare baƙin launin da ya rage ba? Kuma me za ku yi da guntun katakon nan in ku ne?

Tsohon Maƙeri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, ka riƙe kayan kirki. An yi samfurin nan daga 1934 zuwa 1963, sama da guda 380,000, kuma ba shi da sassa da yawa da za su lalace. Kada ka wahalar da kanka neman lamba a jikinta don sanin shekararta. Yawancinsu babu, domin Amurka ba ta wajabta sa lamba a kan irin waɗannan ƙananan bindigogi ba sai da dokar 1968. In akwai dogon kwarmin yatsu a gefen katakon gaba, to ta shekarun farko-farko ce.

Maƙalewar kwanso, dalili biyu nake zato, kuma duka biyun ka ambace su da bakinka. Kwanson Short bai kai rabin inci ba, 0.421 ne, na Long Rifle kuwa 0.613. In aka yi shekaru ana harba gajere, toka da dalma da kakin harsashi sukan taru su yi zobe a mazaunin harsashi daidai inda gajeren kwanso ya tsaya. Ka sa dogo, ya wuce ta kan zoben, ya kumbura da harbi, sai ya kama. Wannan naku ne: burushin tagulla, maganin wanke bututu, da haƙuri. Ka jiƙa ka bar shi ya kwana, ka murza, ka sake. Koyaushe ta baya za ka shigar da sandar, ta wajen sakata, ba ta baki ba. Leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sanda ta cinye gefe ɗaya ba za ta ƙara zuwa inda ka nufa ba.

Na biyu shi ne jan kunama babu harsashi. A irin wannan harsashi, abin da ke tayar da wuta yana cikin leɓen kwanso ne, don haka allurar bugu gefe take duka. In babu kwanso, ƙarfen bakin mazaunin take sara, a hankali ya lotsa ya turo wani ɗan tsini ciki. Ka haska fitila ka duba, za ka iya ganin alamar. In ka gan ta kada ka sa magagari. Akwai ƙarfen da ake turawa ciki ya mayar da naman da ya turo wurinsa, in ka goge shi kuwa ka rasa shi har abada, allura ta rasa abin da za ta danne leɓen kwanso a kai. Wannan aikin gwani ne.

Duhun bututun kada ya tsorata ka tukuna. Tun 1927 kamfanin Remington ya fito da harsashin da ba ya barin gishirin da ke cin ƙarfe, bindigarka kuwa bayan haka aka yi ta, don haka mai yiwuwa datti ne kawai. Bayan ka wanke, tura tsumma mai matsewa a hankali daga farko har ƙarshe. In ka ji ya saki a wani wuri sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura a nan, ka tsaya ka kai wa gwani.

Abu biyu ban yarda ka taɓa ba. Ɗaya, inda kunama ke riƙe da maɗana, wato ƙarfen da ke tsare allurar bugu har a ja kunama. Kada ka goge, kada ka sassauta don ta yi wa yara laushi. Biyu, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da bakin mazauni. A wannan bindiga gindin hannun sakata ne ke kulle ta, kuma yana cinyewa da shekaru. Leɓen kwanso kaurinsa kamar inci 0.043 ne, ana auna tazarar da ma'auni na musamman. In ta yi yawa kwanso kan fashe ya watso iska mai zafi baya, wajen idon mai harbi. Kafin kowa ya harba, mai lasisin gyaran bindiga ya duba waɗannan.

Tsatsa kuwa, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: baƙin launin bindiga shi ma tsatsa ne, amma baƙa, wadda ba ta ci gaba da cin ƙarfe. Jar tsatsa in aka tafasa ta cikin ruwa takan juye ta koma baƙa. Ka raba ƙarfe da katako, ka cire sifirin da ƙananan sassa, ka wanke maiƙo tas, ka tafasa bututun cikin tataccen ruwa marar gishiri kamar minti 40. Bututun inci 27 ne, sai ka sami dogon kwami na ƙarfe. Ka fitar, zafinsa zai busar da shi, za ka ga baƙar ƙura a kai. Ka goge ta da soson ƙarfe mai lamba 0000 wanda ka wanke wa mai. In ja ya rage ka maimaita. A ƙarshe ka jiƙa shi da kananzir ya kori ruwa, sannan mai. Launin asali zai tsira, inda tsatsa take zai yi baƙi. Ramukan da ta riga ta ci ba za su cike ba, ka san da wannan. Kada ka kusance ta da ruwan tsami ko maganin cire tsatsa na kanti, duka launin za su wanke. Kada ka kai ta injin burushin waya, yana cinye rubutun kamfani. In sakatarka mai farin ƙyalli ce, an shafe ta da kurom, mai da tsumma sun ishe ta.

Ka kuma sayi sukudireba mai baki miƙaƙƙe da ya cika ramin sukuru daidai. Na gida bakinsa tsini-tsini ne, shi ke tauye kai.

Maganar katako na bar wa masu katako.

Mai Saiti ya rubuta:

Ni dai a ganina ana ba abin wahalar da ba ta kai ba. Bindigar nan an yi ta da yawa, kuma tunda an yanke ƙota ta riga ta fita daga sahun waɗanda masu tara tsofaffin kaya ke nema. Ka goge ƙarfen da sanfefa har ya yi fari, ka shafa ruwan baƙi na kwalba, ka sayi wata ƙota cikakkiya ka ɗaura, tsohuwar ka rataye a bango. Asabar biyu kun gama, yara su tafi harbi. Yaro ɗan shekara 8 ba zai jure shekara guda yana goge katako ba.

Tsohon Maƙeri ya rubuta:

Maganarka a kan haƙurin yaro gaskiya ce. Amma ruwan baƙi na kwalba don taɓa ƙananan ƙarce aka yi shi. A kan bututu guda yakan yi dabbare-dabbare, ba ya daɗewa, ba ya kare ƙarfe sosai, kuma akwai guba a cikinsa, ba abin ba yara ba ne.

Kafinta Ɗanjuma ya rubuta:

Baban Nana, sannu da haƙuri. Ni aikin katako nake yi, kuma na gyara ƙotar bindiga ba sau ɗaya ba. Ka bi tsarin nan, don in ka juya shi za ka yi aiki biyu: mai ya fita, tsaga ta haɗu, lotsawa ta tashi, shafi ya zo ƙarshe.

Baƙin nan na kusa da ƙarfe man bindiga ne da ya gangaro shekara da shekaru saboda ana jingine ta a tsaye. Yana ruɓar da katako, kuma ina kyautata zaton shi ya jawo tsagar wuya. Ka dama garin alli da asiton, ruwan nan mai narkar da maiƙo, ya yi kauri, ka shafa, ka bari ya bushe. Allin zai tsotso man ya koma ruwan ƙasa. Ka kakkaɓe ka sake, har ya daina canza launi, ko sau 6 ne. A waje za ka yi, nesa da wuta, kai kaɗai ban da yara.

Tsagar, gam ɗin katako na yau da kullum ba ya kama inda mai ya taɓa shiga. Ka nemi gam mai haɗi biyu wanda ke jinkirin bushewa, irin Acraglas. Ka buɗa tsagar kaɗan, ka tura gam da siririn zare har ƙasa, ka naɗe da takarda mai kaki, sannan ka ɗaure tam da robar tayar keke. Roba tana bin lanƙwasar wuya, matsi na ƙarfe kuwa sai ya bar maka sabon tabo.

Lotsawa aikin Nana ne. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma, a danna tsinin dutsen guga mai zafi, tururi zai kumbura katakon ya taso. Yana aiki inda aka danne ne kawai, inda aka yanke jijiyar katako ba zai dawo ba. Amma kafin ku fara, ku zauna ku zaɓi waɗanda za ku tayar. Wasu tabon kana iya sanin labarinsu.

Sanfefa ka yi mata rowa. Lamba 320 ko 400, bin jijiya, kuma kada ka taɓa gefen da ke haɗuwa da ƙarfe, in katako ya yi ƙasa da ƙarfe ba ya dawowa. Shafi kuwa dafaffen man linsid, man da ake shafa wa katako, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, a goge ragowar. Tsohuwar ƙa'idar ita ce kullum na mako guda, sannan mako-mako na wata guda, sannan wata-wata na shekara guda. Wannan Sadiƙ zai iya, minti 10 ne. Tsumman da ya sha linsid in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe a waje ko ka nutsa shi a ruwa.

To guntun. In ka manna shi, layin ba zai ɓoye ba. Zarto ya cinye nasa rabon, jijiyoyin ba za su haɗu daidai ba, kuma ɗaya ya sha haske da gumin hannu, ɗaya ya kwana cikin duhu shekara 30, launinsu ya bambanta. Amma ba dole sai manna ko bari ba. Ana iya huda ramuka biyu a sa turakun katako ba gam, a sa siririn faifai baƙi a tsakani, dogayen sukurori su ratsa murfin gindi da guntun su kama ƙota. Babba zai harba, a ɗaura. Yaro zai harba, a kwance. Sai dai ka nemi sabon murfi mai cikakken girma, tunda mahaifinka ya rage na asalin, kuma ana samun kwaikwayonsa.

Baban Nana ya rubuta:

Baba Maƙeri, Allah ya saka da alheri. Na haska fitila, alamar tana nan a bakin mazaunin kamar yadda ka faɗa. Na sami mai lasisi zan kai masa. Abu ɗaya ya tsaya mini: tsatsar yatsan Baba. In na tafasa, za ta ɓace?

Malam Ɗanjuma, dabarar turakun ta shige ni ƙwarai. Mai Saiti, na gode, amma ba saurin zuwa harbi nake nema ba, zaman da za mu yi a kanta nake so.

Tsohon Maƙeri ya rubuta:

Jan zai tafi. In ta ci ƙarfen ko kaɗan, zanen zai rage baƙi a kan baƙi, ka gan shi in ka karkata ta a haske. Ka ɗauki hoto kafin ka fara. Barinta ja ba zai yiwu ba, ci take yi.

Maman Ilham ta rubuta:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da ni da mijina muna kai yaranmu filin harbi, don haka bari in ƙara abin da ba a ambata ba. Baƙin da zai fito daga bututun nan akwai dalma a ciki, kuma babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutar da yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Wankin bututu da mazauni ka yi shi da kanka da safar hannu. Kada a ci ko a sha a wurin aikin, kada a yi shi a teburin cin abinci, a shimfiɗa takarda a naɗe a zubar. An gama, kowa ya wanke hannu da fuska da sabulu. Tabarau na kariya ga kowa, har lokacin kwance sassa, don sifirin kan yi tsalle.

Kuma ka fara koya musu ladabin bindiga tun tana a wargaje. Duk wanda ya ɗauka ya buɗe sakata ya duba da ido, ko da shi ya ajiye ta yanzu. Baki ba ya kallon mutum, ko bututun ne kaɗai ba ƙota. Mutane na raina .22 saboda ƙanƙantarsa, alhali yana iya tafiya sama da kilomita 2. Harsashi mai rai kada ya shiga ɗakin aikin sam, akwai na roba da ake gwaji da su. Makullin kuma yana hannunka kai kaɗai, duk yadda ka yarda da hankalin Nana.

Yaya Hadiza ta rubuta:

Ƙanena, matarka ce ta turo mini wannan, na yi rajista don in amsa maka a nan tunda a nan ka yi tambayar. Ku gafarce ni jama'a, ban san komai a kan tsatsa ba.

Ka tuna ranar daidai, har ƙamshin katakon. Kana zaune a kan gwangwanin fenti kana kallo. Amma shekararka 6 a lokacin, ba 9 ba. Ni Baba ya auna. Ina da shekara 10, ya sa gindin bindigar a lanƙwasar gwiwar hannuna, ya ga yatsana bai kai kunama ba, ya ja layi da fensir. Na yi shekara 3 ina harbi da ita kafin ta zo hannunka. In ka kwance murfin gindin ka duba katakon da ke ƙarƙashi, za ka ga abin da ya rubuta.

Na tambaye shi ranar me zai yi da guntun. Ya ce zai ajiye har ranar da babu sauran ƙaramin hannu a gidan. Ka ga bayana kai ka zo, bayanka autarmu ta zo, kafin ta girma jikoki sun fara zuwa. Ina ganin shi ya sa bai taɓa mayarwa ba.

Bindigar taka ce, mun yarda da haka dukanmu, ka yi yadda ka ga dama. Amma ranar da Nana za ta fara harbi ka kira ni.

Baban Nana ya rubuta:

Na yi shiru mako 9, ga inda muka kai.

Yaya, a daren da na karanta saƙonki na kwance murfin. Sunanki ne da fensir, ƙarƙashinsa nawa, ƙarƙashinsa na auta, kowanne da shekarun mai shi a gefe: 10, 9, 11. Shekara 30 ina ɗauka don ni aka yanke ta, kuma na ji daɗi da ya zama ba haka ba ne. Ban shafa wa wurin mai ba, ban bari sanfefa ta kusance shi ba.

Gwanin ya mayar da bakin mazaunin, ya auna tazarar ya ce tana cikin ƙa'ida, ya duba maɗana ya ce kada a taɓa. Ya canza sifirin ɗin ƙugiyar da ke fizgo kwanso, ya gaji. Zoben dattin ya ɗauke ni dare 4 kafin ya fita. Bututun ya yi haske, sai 'yan ƙananan ramuka kusa da baki, tsumma kuma bai saki a ko'ina ba.

Tafasa sau 3 muka yi. Sadiƙ ne mai riƙe agogo daga nesa, Nana mai soson ƙarfe bayan ya huce. Da ta ga jan ya koma baƙi ta tambaye ni ko za a iya yi wa ƙofar gidanmu haka. Gefen hagu bai yi sumul kamar na dama ba, yatsa yana jin ramukan. Yatsan Baba yana nan, Baba Maƙeri, sai an karkata ta wajen taga ake ganinsa, kamar yadda ka ce.

Allin sau 7 na shafa. Tsagar ta haɗu, layin siriri kamar gashi. Lotsawa 11 muka ƙirga, Nana ta tayar da 8. Uku na hana: biyu na san ranar da na yi su, ɗaya Yaya ta ce nata ne, ta faɗi da ita a kan dutse. Mai Saiti, ka yi gaskiya a kan Sadiƙ, ya gudu a mako na uku, amma ya dawo da aka fara shafa mai, yanzu shi ke tuna mini ranar.

Malam Ɗanjuma, ban huda ramukan ba. Na auna Nana yadda Yaya ta kwatanta, yatsanta ya sauka a kan kunama daidai, Sadiƙ kuwa da saura. Na shafa wa guntun linsid tare da ƙotar don launinsu ya riƙa tafiya tare, na mayar da shi cikin tsummansa, na ajiye bayaninka na turaku a cikin akwatin kusa da shi.

Asabar mai zuwa za mu filin harbi mai izini, da harsashi mai matsakaicin gudu, daga nisan taku 25. Ni zan fara harba biyar, gwanin yana tsaye, mu duba kwansunan. In sun fita lafiya sai Nana. Yaya za ta zo, ta ce ita za ta kawo fensir.